Dogon takobi, wace sarƙa? Kafin ka zuba kuɗinka a injin yankan katako

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda 'yan uwan da data ba ta ishe su sauraron murya ba.

Yau maganar injin yankan katako za mu yi. Na san wani zai ce me ya haɗa mu da zarto kuma. Abin da ya haɗa mu shi ne matasan da ke shiga sana'ar a Anka da Gummi da Bukkuyum, wasu da kuɗin gado, wasu da kuɗin adashen uwa. Tun ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi cikin watan Agustan 2024, duk wanda zai sake tada ɗaki sai ya nemi katakon rufi. Ga shi dazuzzuka irin na wajen Bagega da Gando ba su shiguwa saboda 'yan bindiga. Aiki ya dawo kan dalbejiya da turare da tsohon mangwaro na gona da bakin gari. Gungume ya yi kaɗan, fetur kuwa tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san inda ya kai.

Wani ƙanena, ɗan kawuna, ya je birni ya sayo ƙaramin inji ɗan Chaina mai cc 58. Mai shagon ya ga yaro da zumuɗi, ya haɗa masa da ƙarfe mai inci 36, wai da shi ake cin babban aiki. Sati biyu ya kira ni: "Yaya, injin nan fa da na sa shi cikin itace sai ya shaƙe, kuloci har hayaƙi yake." Injin lafiyarsa lau. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a jikinsa, takobi zan riƙa ce masa, don da shi ya yi kama. Jamusawan da ke ƙera Stihl ma haka suke kiransa da yarensu. Ita kuma sarƙa lambobi uku gare ta, kuma galibi an buga su a gindin takobin, kusa da inda ake ɗaure shi: tazara, da geji, da yawan ƙafafu.

Tazara ita ce maganarmu ta yau, masu shago na ce mata fici. Ɗauki sarƙa ka dubi ƙusoshin da suka riƙe gaɓoɓinta. Auna daga tsakiyar ƙusa ta farko zuwa tsakiyar ta uku, ka raba biyu. In ka samu milimita 16.5 kafin rabawa, sarƙarka .325 ce. In 19 ne, 3/8 ce. In 20.5 ne, .404 ce. Kun lura? Tsakanin 3/8 da .404 milimita ɗaya da rabi ne kacal, ido ba ya kama shi a cikin kwali. Amma sifiroket yana kamawa. Duk mai babur ya san abin da ke faruwa in cen da sifiroket ba su dace ba: tsalle, ƙara, sai haƙora su cinye. To nan ma haka ne, sai dai wannan cen ɗin wuƙaƙe ne a jikinsa, kuma kusa da cinyarka yake gudu.

Geji kuwa kaurin ƙafar sarƙa ne, wato ɓangaren da ke shiga cikin kwarmin takobi. An fi samun milimita 1.3 da 1.5 da 1.6. In ƙafar ta yi wa kwarmin siriri sarƙa za ta riƙa rawa, yanka ya karkace, filanki ya fito gefe ɗaya da kauri. In ta yi kauri ba ma za ta shiga ba. Yawan ƙafafu shi ne tsawon sarƙar. Takobi mai inci 36 a kan 070 da sarƙa .404 yawanci ƙafa 104 yake ci, na 3/8 mai wannan tsawon a injinan Stihl yawanci 114. Kada ka dogara da cewa "ba ni ta inci 36". Ƙirga ƙafafun tsohuwar, ko ka tafi da ita shagon.

To yanzu ainihin tambayar: dogon takobi dole sai babbar sarƙa? A'a. Ƙarfin inji ne ke yanke hukunci, ba tsawon takobi ba.

Dalili shi ne kowane haƙori da ke cikin itace yana jan rabonsa daga ƙarfin injin. Takobi ya ƙara tsawo, haƙoran da ke cizo lokaci guda sun ƙaru. In kuma haƙoran manya ne, kowannensu na ɗibar loma mai faɗi, nauyi ya hau kan nauyi. Shi ya sa .404 ta zauna daram a kan 070, wanda kusan duk tsohon ofareto a ƙasar nan ya sani. Inji ne mai cc 106, ƙirar tun ƙarshen shekarun 1960, ba shi da saurin juyi amma yana da ja kamar tarakta. Sarƙarsa na da nama, tana jure wasawa sau da yawa, kuma ba ta saurin dakushewa a ɓawon da ƙurar hunturu ta cika da yashi, ko a itace mai tauri irin kirya da marke. Wanda ke da 070 kuma manyan gungume yake tsagawa, ni ban ga dalilin da zai bar .404 ba.

Amma tana da farashin da ba a rubuta a kwali ba, wato faɗin yankanta. Duk wucewa ɗaya tana mayar da kusan milimita 9 na itace garin katako. Filanki mai kaurin inci ɗaya milimita 25 ne. Yi lissafin da kanka: duk yanka uku, filanki guda ya zube ƙasa ya zama dusa, kuma fetur ka ƙona kafin ka mayar da shi dusar. Sarƙar 3/8 ta fi ta ƙunci kaɗan, tana gudu da sauƙi, ba ta wahalar da inji. A gungume ɗaya bambancin ba ya cika ido. A aikin rani guda kuwa, itatuwa ne a tsaye da ba sai an sare ba. Wannan ɓangaren ne ya fi damuna, gaskiya, domin mu ne muke kukan zafi da zaizayar ƙasa a bakin gulbi, mu ne kuma muke mayar da rubu'in gungume gari.

Don haka mai inji irin MS 381, cc 72, ya tsaya a 3/8 da takobin da bai wuce inci 25 ba. Mai cc 90 da ɗoriya, irin MS 660, zai iya jan inci 36 da 3/8 ba tare da kuka ba. Ƙananan nan na cc 52 da 58 kuwa, da .325 suke zuwa, kuma inci 20 ne gidansu, in an matsa 22. Ƙanen nawa da ya koma inci 20, injin da yake shirin sayarwa a asara ya dawo kamar sabo. Ya kuma gano abin da ya kamata ya auna tun farko: yawancin dalbejiyar da ake kiransa yanka ba ta kai kaurin da yake zato ba, kuma wadda ta fi takobinsa faɗi ana iya gutsure ta ta gefe biyu.

Akwai wata dabara ga wanda dogon takobi ya zame masa dole amma injinsa na nishi. Ana yin sarƙa mai giɓi, wadda aka rage mata kusan kashi ɗaya cikin uku na haƙora. Tazararta ɗaya da ta kullum, don haka ba sai ka canja sifiroket ba. Haƙora kaɗan ne a cikin itace, dusa na samun hanyar fita, wasawa ma ba ta cin lokaci. Illarta ita ce tana da girgiza, kuma ba ta dace da gajeren takobi ko ƙananan rassa ba.

In kuwa ka ƙudurta sauya tazara gaba ɗaya, sifiroket na jikin inji dole ya canja. Sannan dubi hancin takobin. In akwai ɗan tauraro mai juyawa a ciki, shi ma tazara ɗaya kawai yake karɓa. In hancin dunƙulallen ƙarfe ne, kamar yadda aka saba gani a kan 070, geji da tsawo ne kawai damuwarka. Magagarin wasawa ma ba ɗaya ba ne: .325 na son milimita 4.8, 3/8 na son 5.2, .404 kuma 5.5. Mai tsaga filanki bin tsawon itace, ya wasa haƙori a kwana kusan digiri 10 maimakon 30 na yankan gicciye, fuskar katakon za ta fi sumul.

Abu ɗaya da nake roƙonku da Allah: ɗan tudun nan da ke gaban kowane haƙori, kada a goge shi a ce don inji ya ƙara ci. Shi ke ƙayyade zurfin cizo, bai ma kai milimita ɗaya ƙasa da haƙorin ba. Aka cinye shi, sarƙa sai ta cafke itace takobi ya yi tsalle zuwa fuska, kuma 070 ba shi da birkin sarƙa irin na sababbin injina. Daga gona a Bukkuyum zuwa babban asibiti a Gusau ko Sakkwato, da hanyoyin nan namu, tafiya ce mai nisa ga mai zubar jini.

Kafin ka tada inji kuma, ka nemi izinin mai gona da takardar malaman daji. Ɗorawa da kaɗanya masu 'ya'ya a bar su, daddawa da man kaɗe na iyayenmu mata daga nan suke fitowa. Madobiya ma tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa takunkumin ciniki tsakanin ƙasashe, saboda yadda aka yi ta kwasarta zuwa Chaina.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓa maganar baƙin man mota da ake ɗurawa a tankin man sarƙa, da abin da yake yi wa famfon mai da huhun ofareto. Sai mun haɗu.