Kafin Ka Sa Waya A Gidanka, Auna Ta

Ba duk wayar wuta mai jan ciki ce jan ƙarfe ba. A kasuwanninmu akwai ta alminiyam, har da ta baƙin ƙarfe, da aka yi wa ɗan shafen jan ƙarfe a sama, ake sayarwa a matsayin ta asali. Ido ba ya rarrabe su, amma lissafi yana tona asirinsu.

Kowane ƙarfe yana da tasa turjiyar ga wutar lantarki, ana auna ta da om. A waya mai tsawon mita 1 da kaurin murabba'in milimita 1, turjiyar jan ƙarfe om 0.017 ce, ta alminiyam 0.028, ta baƙin ƙarfe kuwa wajen 0.1. Yawan turjiya shi ne yawan zafi. Ka jona hita ko dutsen guga, waya ta gasu a cikin silin, roba ta narke, sai a ce gobara daga kogi.

Ga yadda ake yi. Mai wayarin ya ɗora mitarsa ta auna turjiya a bakin naɗin wayar biyu, ya karanta om. A ninka wannan da kaurin, a raba da tsawon. Ɗauki naɗin mita 100 na waya mai kaurin 2.5, wadda ake ja wa soket. In mita ta nuna 0.7, lissafi zai ba da 0.0175, jan ƙarfe ne. In ta nuna 1.1, ka samu 0.0275: ko dai alminiyam ne, ko an rage kaurin da aka rubuta a jiki. In ta kai 4, mayar wa mai sayarwa da kayansa.

Sai dai a kula. Mita mai araha tana da tata 'yar turjiyar, don haka a fara haɗa bakunanta biyu, a cire abin da ta nuna. Kuma naɗin da bai cika tsawonsa ba yakan sa jabu ta yi kama da ta kirki, wanda ha'inci biyu ke nan a lokaci guda.

Wanda ba shi da mita ya kankare bakin wayar da wuƙa. In fari ya bayyana, shafe ne. Maganaɗisu kuma yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama jan ƙarfe. A duba tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta SON, amma tambari ma ana bugawa na jabu.