Kai da ƙafa: yadda ake shugabancin sana'a

Ya kai mai karatu, ka taɓa ganin mutum yana tafiya ba kai? Ko ka taɓa ganin kai ya tafi kasuwa ba ƙafa? Na san za ka yi dariya. To, amma akwai sana'o'i da yawa masu tafiya haka. Wata tana da kai ba ta da ƙafa. Wata kuwa ƙafa gare ta, ba kai.

A wajen sana'a, kai shi ne tsari. Wato ka zauna ka yi tunani: mi za mu saya, yaushe za mu sayar, wa za mu sayar wa, nawa za mu ci riba? Ƙafa kuwa ita ce aikin yau da gobe: awo, ƙirga, dubawa, rubutawa, biyan bashi a kan lokaci. Duk wanda aka ba shugabanci, na ƙungiya ne ko na shago, mace ce ko namiji, dole ya riƙe su biyun.

Mu ɗauki misalin albasa

Ka san Galmi, a jihar Tawa, kan babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa. Albasarta ta yi suna har ƙasashen waje. Manyan motoci suna ɗaukar ta zuwa Gana da Kodebuwa da sauran ƙasashen bakin teku.

Yawancin manoma suna cire albasa wajen watan Maris da Afrilu. A lokacin kowa na da ita, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. In damana ta yi nisa, albasa ta yi wuya, sai farashi ya hau. Wannan kowa ya san shi.

A ce an zaɓe ka shugaban wata ƙungiyar manoma. Kun zauna kun yanke shawara: bana ba za mu sayar a lokacin araha ba. Za mu zuba albasarmu a rudu, mu jira ta yi tsada. Wannan tsari ne mai kyau. Amma a baki yake tukuna, bai zama kuɗi ba.

Bari mu yi lissafi. Waɗannan lambobi misali ne, kai ka sa farashin kasuwarku. A ce kuna da buhu 40. In kun sayar yanzu a jaka 10 kowane buhu, za ku samu jaka 400. In kun jira buhu ya kai jaka 25 fa? Gyaran rudu da gadi da ɗauko sun ci jaka 50.

In buhu 10 suka lalace, saura 30. Kun samu jaka 750. Cire 50, saura 700. Kun ƙaru da jaka 300.

In buhu 26 suka ruɓe, saura 14. Kun samu jaka 350. Cire 50, saura 300. Kun yi hasarar jaka 100, ga wahalar wata da watanni, ga iyali sun jira a banza.

Ka gani? Tsarin ɗaya ne, farashin ɗaya ne. Abin da ya raba riba da hasara shi ne kulawar da aka yi wa albasa.

Ina aikin yake?

Aikin yana farawa tun a gona. Albasar da aka cika wa takin zamani ba ta jure ajiya. Sai a daina ban ruwa kamar mako biyu kafin a cire ta. In an cire, a bar ta ta sha iska ta bushe. A ware mai rauni da mai taushi, a sayar da su nan take. Mai lafiya kaɗai ke shiga rudu.

Rudun kuma ya ɗaga daga ƙasa, iska ta riƙa shiga. A gyara rufinsa tun kafin ruwan farko. Sannan kowane mako a buɗe a duba. Albasa ɗaya in ta ruɓe, takan ɓata na kusa da ita. A fitar da ita tun da wuri.

Duk waɗannan ƙananan ayyuka ne, ba wanda zai tafa maka don ka yi su. Amma cikinsu ribar take.

Shugaba iri biyu da ke kashe sana'a

Na farko shi ne sarkin taro. Ya iya magana, kullum yana da sabuwar dabara. Amma in ka tambaye shi buhu nawa suka rage a rudu, sai ya ce a tambayi wane. Ƙafarsa ba ta zuwa wurin aiki. Ya manta zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Na biyu shi ne mai yin komi da kansa. Shi ne awo, shi ne ɗinkin buhu, shi ne gadi. Daga asuba har dare bai zauna ba. Ba shi da lokacin da zai tambayi farashin wata kasuwa. Wajen ƙarshen shekara albasar Agadas takan shigo, farashi na iya sauka, shi bai sani ba yana ta jira. Ya sha wahala, dillali ya kwashe riba.

Yadda za ka haɗa su

Na ɗaya, rubuta tsarinku a kaye, cikin layi kaɗan. Buhu nawa za a ajiye? A wane farashi za a fara sayarwa? Wace rana ce ta ƙarshe, ko farashi ya kai ko bai kai ba?

Na biyu, kowane aiki a sa masa suna da rana. "Za a duba rudu" ba magana ba ce. A rubuta: wane zai duba ran Talata, ya kawo labari ran Laraba. Aikin kowa da kowa, ba mai yin sa.

Na uku, raba aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'aji ya riƙe kuɗi, magatakarda ya riƙe kaye. Amma ka riƙa zuwa da kanka kana gani da idonka.

Na huɗu, ware rana ɗaya a wata don tunani. Ku buɗe kaye ku gwada abin da kuka shirya da abin da ya faru. In ruɓa ta yi yawa, ku sayar da rabi tun yanzu. Canza tsari ba abin kunya ba ne.

Kuma wani lokaci canjin daga nesa yake zuwa. Ran 12 ga Janairu 1994 an karya darajar kuɗin sefa. A da, sefa 50 ke sayen faran ɗaya na Faransa, sai ya koma 100. Kayan waje suka yi tsada, lissafin ƴan kasuwa da yawa ya rushe. A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. A irin wannan hali, wanda ya san abin da ke rumbunsa da abin da ke aljihunsa shi ke saurin sake shiri.

Ke ma, ƴar'uwa mai karatu, wannan magana taki ce. Dubi ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maradi a 1991. Tsarinsu ba shi da wuya: a yi zubi, a ba da rance, a raba a ƙarshe. Ƙarfinsu shi ne ana haɗuwa kowane mako, ana ƙirga kuɗi a gaban kowa. Ranar da aka daina zuwa taro, ranar asusu ya fara mutuwa.

Yanzu ka iya karatu, ka iya rubutu da lissafi. Ba sai ka riƙe komi a ka ba, ba kuma mai juya maka lamba. Yau da dare ɗauki kayenka, ka ja layi a tsakiyar shafi. A dama rubuta abin da kake nufi da sana'arka bana. A hagu rubuta aikin da za ka yi wannan mako, da ranarsa. Mako mai zuwa ka sake buɗewa ka duba. Allah ya sa albarka a nema.

Tambayoyi

1. Mine ne kai, mice ce ƙafa a wajen sana'a?
2. Faɗi ayyuka uku da ke hana albasa ruɓewa a rudu.
3. A misalinmu, buhu nawa ya kamata su tsira don kada a yi riba kada a yi hasara?
4. A cikin shugabannin nan biyu, wanne ka fi kama da shi? Mi za ka gyara?