Hunturu Da Kujerar Mota: Man Da Ke Ɓata Zanen 'Yan Kasuwa

Duk wadda ta saba shiga motar haya a babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji ta ratsa Maraɗi, Agiye da Gazawa ta nufi Damagaram, ta san wannan takaici: ki ci ado da sabuwar atamfa ranar kasuwa, kina sauka a tasha wata ta raɗa miki cewa bayan zanenki duk maiƙo ne. Mai ne aka lafta wa kujera.

Ba mu ce masu mota ba su da uzuri ba. Iskar hunturu tana tsotse danshin fata kamar yadda take kawo faso a ƙafa, sannan zafin Afrilu, wanda kan haura digiri 40, ya ƙarasa aikin. Rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 kuma ya ƙara wa kayan mota tsada. Sai direba ya ɗauko man gyaɗa, wani ma baƙin mai, wai ai da mai majema ke tausasa fata.

To, a nan gizo ke saƙar. Fatar jar akuyar Maraɗi da ake jemewa da bagaruwa tana shan mai ta yi laushi. Ta kujerar mota kuwa galibi fatar shanu ce da aka bi samanta da fenti mai kamar roba, wata ma leda ce zalla. Mai ba ya ratsa ta. A sama yake kwanciya, ya kwashi ƙura, ya jira zanen Hajiya.

Gwajin ba wuya. A ɗiga ruwa a lungun da ido ba ya kaiwa. In ya shige wurin ya yi duhu, fatar na son mai: a goge ta, ta bushe a inuwa, a murza man kaɗe ɗan kaɗan, ta kwana, a share ragowar da busasshen ƙyalle. In kuwa ɗigon ya tsaya cak, tsumma mai ɗan danshi da sabulu mara kaifi ya wadatar, sai a riƙa aje motar a inuwa. Masu sayar da man kaɗe, ku faɗa wa direbobi wannan, ko da cinikin zai ragu.

Wadda ta riga ta tsage, sai mai ɗinkin kujera. Ke kuma Hajiya, kafin ki zauna, shafa hannu tukuna.