Richard Bona: makaɗin bas ɗan Kamaru da duniya ta karɓa, takardu suka hana shi sakat

A ƙungiyar kiɗan jaz, mai jitar bas ba shi ne ake fara kallo ba. Yakan tsaya can baya kusa da mai ganga, yana fitar da sauti mai kauri wanda sauran makaɗa ke takawa a kai. Idan ya yi daidai ba a cika lura da shi ba, idan ya kuskure kuwa kiɗan gaba ɗaya ke wargajewa. Shi ya sa masu wannan sana'a galibi suke cin abinci a bayan wasu, yau tare da wannan mawaƙi, gobe tare da wancan. Richard Bona na cikin ƙalilan da suka fito daga bayan fage har sunansu ya hau kan faifai.

An haife shi a shekarar 1967 a Minta, wani ƙaramin gari a Kamaru. Mahaifiyarsa mawaƙiya ce, shi kuma tun yana yaro yake kaɗa balafon a coci. Da ya so jita bai samu ba, sai ya haɗa tasa, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. Bayan iyalinsa sun koma Duwala ya soma kiɗa a wuraren rawa.

A can ne wani Bafaranshe mai gidan kiɗa ya ɗauke shi aiki, ya kuma ba shi damar sauraron tarin faya-fayansa na jaz. Cikinsu akwai na Jaco Pastorius, Ba'amurken da ya cire ƙarafan da ke jere a wuyan jitar bas don sautin ya riƙa zamewa kamar muryar mutum. Pastorius ya nuna cewa bas na iya jan waƙa da kanta, ba rakiya kawai ba. Bona ya ajiye jita ya kama bas.

Yana da shekara 22 ya tafi Jamus, daga nan ya wuce Paris, inda ya yi aiki da Manu Dibango da Salif Keita. Sai dai hukumomin Faransa ba su sabunta masa takardar zama ba, kuma a 1995 ya koma New York. Faransa ce ta yi hasara a nan. Ba a jima ba Joe Zawinul, wanda Pastorius ya yi wa kiɗa a ƙungiyar Weather Report, ya ɗauke shi. Ya kuma jagoranci makaɗan Harry Belafonte, sannan a 2002 ya zagaya duniya da ƙungiyar Pat Metheny, wannan karon a matsayin mai waƙa da kayan bugawa.

Faifansa na farko, Scenes from My Life, ya fito a 1999, sai Reverence a 2001, da Munia a 2003. Tiki, wanda ya biyo baya, ya shiga takarar kyautar Grammy. Abin da ya bambanta shi da ɗimbin masu kwaikwayon Pastorius shi ne murya. Yana rera yawancin waƙoƙinsa da harshen Duwala, cikin siririyar murya mai taushi, wani lokaci yana bin kowane sautin bas da bakinsa a lokaci guda. Masu saurarensa a Japan ko Turai ba sa jin ko kalma ɗaya, amma hakan bai sa ya koma Turanci ba.

Bona ba shi kaɗai ba ne. Kamaru ta yi suna wajen fitar da makaɗan bas: Étienne Mbappé, mai kiɗa sanye da safar hannu, ya yi aiki da John McLaughlin, Armand Sabal-Lecco kuma da Paul Simon. Ana danganta hakan da makosa, kiɗan Duwala, wanda bas ke riƙe da ragamar rawarsa. Yaron da ya tashi yana kaɗa makosa dare bayan dare ya riga ya koyi abin da wasu ke nema a makaranta. Amma kusan dukansu a waje suka gina sana'arsu.

Maganar takardu ta sake cim masa ta wani ɓangaren. Dokar zama ɗan ƙasa ta Kamaru ta 1968 ba ta amince babban mutum ya riƙe ƙasa biyu ba, don haka da ya karɓi fasfon Amurka sai ya zama yana bukatar biza kafin ya shiga ƙasar da aka haife shi. Ya yi ta sukar wannan doka a bainar jama'a, ya kuma zama cikin fitattun masu caccakar gwamnatin Paul Biya daga ƙetare. Matsalar ba tasa ba ce shi kaɗai, domin ta shafi 'yan Kamaru da dama, daga 'yan ƙwallo zuwa likitoci, da suka karɓi fasfon ƙasar da suke aiki.