Ba kowane mai jan baki ne jan-baki ba

Duk wanda ya kwana a gidan da ake sussuka ko surfe a Mararaban Rido ya san yadda ƙananan tsuntsaye ke sauka gindin turmi da sassafe suna tsintar tsaba. Haka abin yake a gidajenmu na Agege da Sabon Ibadan in dai ana watsa wa kaji gero. To da zarar an ji labarin jan-baki sun faɗa wa gonaki a Arewa, sai ka ga yara sun ɗauko danƙo, duk ɗan tsuntsun da bakinsa ya yi ja ya shiga uku. Galibi kuma wanda ake harbewa ba shi ne ɓarawon ba.

Wadda ta fi shan wannan wahala ita ce 'yar tsuntsuwar nan da wasu ke kira baiwar Allah. Tsawonta bai wuce santimita 10 ba. Namijin ja ne daga kai har ƙirji, bayansa ruwan ƙasa, da wani siririn zobe rawaya kewaye da ido. Macen ce ke ruɗa mutane, don ita ruwan ƙasa ce kusan gaba ɗaya, sai ɗan ja a gindin wutsiya da ɗigon ja a gaban ido. Ba ta tsoron mutane, bibbiyu take yawo ko 'yan kaɗan, har cikin jinka takan yi sheƙa. Abin da ya zube ƙasa take ci.

Jan-baki na gaske ya ɗan fi ta girma, kamar santimita 12, bakinsa kuma kakkaura ne. Amma kada ka tsaya kan baki, dubi baya. Bayan jan-baki zane-zane ne irin na gwara, na baiwar Allah kuwa sumul yake, babu zane ko ɗaya. A lokacin kiwo yawancin mazan fuskarsu kan yi baƙi ƙirin, bakin macen kuma ya koma rawaya, wato a lokacin ma sunan bai dace da ita ba. Sannan jan-baki ba ya zuwa shi kaɗai ya zauna maka a tsakar gida kullum. Garke ne na dubbai, wani lokaci miliyoyi, kuma ɓarnarsu ta fi yawa can wajen Borno, Yobe, Jigawa da Kebbi, inda suke cinye shinkafa da gero da dawa tun suna tsaye.

Wanda zai fi ba ka wuya shi ne zalaidu. Da damina ba a ɓata shi, ga doguwar wutsiya, ga baƙi da fari. Da rani sai wutsiyar ta zube, ya koma mai zane-zane da jan baki, kai ka ce jan-baki ne. A nan kai za ka duba: nasa yana da layuka baƙaƙe masu kauri da suka bi ta tsakar ka. Asisi kam ba sai an daɗe a kansa ba, shuɗi ne, namijin da jan tabo a kunci.

In ka ga wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da farin baki yana bin baiwar Allah, to ba abota ba ce. Macensa ba ta yin sheƙa, a sheƙar baiwar Allah take saka ƙwai. 'Ya'yan da suka fito, zanen cikin bakinsu daidai yake da na 'ya'yan masu gida, don haka ake ciyar da su ba a gane ba. Namijin kuma in ya girma, kukan waɗanda suka rene shi yake kwaikwaya.

Wannan kwaikwayo ne ma ya tona wani asiri a duwatsun Jos. Wani masanin tsuntsaye ɗan Amurka, Robert Payne, ya lura da irin wannan baƙin tsuntsu yana wani kuka da bai yi daidai da na dangin baiwar Allah da aka sani ba. Bin sawun mai kukan ya kai ga wata 'yar'uwarta mai zama cikin duwatsu, wadda sai a 1998 aka rubuta ta a matsayin jinsi na daban. Ita bakinta ba ja ba ne, ruwan toka ne mai ɗan shuɗi.