Tsaunukan Alpes: haɗarin da ke jiran ƴan ci-rani bayan hamada da teku

Matashin da ya ratsa hamada daga Agadez, ya tsallake tekun Bahar Rum ya taka Italiya, yakan ɗauka wahala ta ƙare. Amma ga mai nufin Faransa a ƙafa, da sauran rina a kaba: tsaunukan Alpes a lokacin hunturu.

Tun 2017 ƴan ci-rani, da yawansu ƴan Afirka ta Yamma, ke bin mashigin Montgenèvre mai tsayin mita 1,850 zuwa garin Briançon. Galibi da dare suke tafiya, suna barin titi su hau gangare don gudun jami'an iyaka. A nan haɗarin yake.

Idan sabuwar dusar ƙanƙara ta kwanta kan tsohuwa ba ta kama ba, nauyin mutum ɗaya ya isa ya sa ta zaftare, musamman a gangare mai digiri 30 zuwa 45. Wanda aka tono cikin minti 15 yakan rayu. Bayan rabin awa, mafi yawa numfashi ya ƙare musu. Ga kuma sanyin da ke daskarar da yatsu har ta kai ga yankewa.

Kullum a hunturu hukumar Météo-France na fitar da ma'aunin haɗarin, daga 1 zuwa 5. Ko a mataki na 3 ana asarar rayuka.

A Briançon, masu aikin sa-kai na hawa tsauni da dare neman waɗanda suka ɓata. Lambar neman agaji a duk Tarayyar Turai ita ce 112, kuma kyauta ce.