Me Ya Sa Sabon Adireshi Ke Jinkirin Isa Ko'ina A Intanet?

A ce wata makaranta ta ɗauke shafinta na sakamakon jarrabawa daga wata kwamfuta zuwa wata. Ɗalibi ya duba da safe ya ga sakamakonsa, abokinsa kuwa da ke maƙwabtaka da shi ya duba bai ga komai ba sai tsohon shafi. Suna ɗaya suka rubuta, kuma babu wanda ya yi kuskure.

Asalin al'amarin shi ne, kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. A zamanin da suke 'yan kaɗan, takarda guda ce mai ɗauke da sunayensu da lambobinsu ake ajiyewa a Cibiyar Bincike ta Stanford da ke Amurka, kowa ya riƙa kwafa. Da suka yawaita sai abin ya gagara. A shekarar 1983 Paul Mockapetris ya fito da tsarin sunaye wanda ake kira DNS, inda kowane suna yake da kwamfutocin da ke riƙe da rajistarsa.

Wayar ɗalibi ba ta zuwa wurin rajistar da kanta. Tana da ɗan aike, wato wata kwamfuta ta kamfanin sadarwarsa, wadda ke zuwa ta tambayo mata. Shi kuwa ɗan aiken nan ba ya son wahalar banza. In ya samo amsa sai ya ajiye ta, duk wanda ya sake tambaya ya ba shi daga ajiya. Sai dai kowace amsa tana zuwa da wa'adi, wanda mai sunan ya ƙayyade cikin daƙiƙoƙi: 300 minti biyar ke nan, 3,600 awa guda, 86,400 kuwa kwana ɗaya cur. Sai wa'adin ya cika ɗan aike zai koma ya sake tambaya.

Ashe ke nan maganar da ake yi cewa canji yana "yaɗuwa" ba ta dace sosai ba, domin ba wanda ke yawo yana shelar sabon adireshi. Tsohon ne ake jira ya ƙare a hannun kowane ɗan aike, kowa da lokacinsa. In wa'adin kwana ɗaya ne, wanda ya yi tambaya minti ɗaya kafin canji zai ci gaba da ba da tsohon adireshi har awa 23 da minti 59, alhali wanda ajiyarsa ta ƙare a daidai lokacin zai samo sabon nan take. Abin da ya raba ɗaliban nan biyu ke nan. Awa 48 da aka saba faɗa kuwa tana da tushe: ga sunayen da ke ƙarewa da .com, bayanin da ke nuna kwamfutocin da ke riƙe da rajista yana da wa'adin daƙiƙa 172,800, wato kwana biyu.

Wani abin mamaki, har amsar "babu" ma ana ajiyewa. Wanda ya yi garajen neman suna kafin a gama yi masa rajista, ɗan aike zai ci gaba da ce masa babu na wani lokaci bayan sunan ya samu.

Saboda haka ƙwararru sukan yi dabara. Tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙaura sai su rage wa'adi zuwa minti biyar, su jira tsohon wa'adin ya cika ko'ina, sannan su canja adireshi, su kuma bar tsohuwar kwamfutar tana aiki domin 'yan aiken da ke wuce wa'adi.

To, me zai hana a bar wa'adi gajere kullum? Tambayoyi za su yi wa masu rajista yawa, kuma ajiyar ita ce guzurin ranar da rajista ta gaza. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, kwamfutocin rajistar Facebook suka yanke daga intanet sakamakon kuskure wajen gyaran hanyoyin sadarwar kamfanin. Da ajiyar 'yan aike ta ƙare, suka koma tambaya ba mai amsawa. Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɓace wa duniya kimanin awa shida.